Sarkin Aska da Allurar Likita

Wan mahaifina wanzami ne, kuma shi ne Sarkin Askar garinmu, wani ƙauye da ke gefen Mairuwa a ƙasar Faskari. A hannunsa na tashi, don mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba, saboda haka Baba nake ce masa. Dogo ne, siriri, mai son raha, ga shi da ji da sana'arsa. Aski, ƙaho, kaciya, cire beli, sakiya, duk yana yi, kuma duk wanda wani abu ya kumbura masa a jiki a ƙauyukan nan wurinsa yake fara zuwa. Ya so ƙwarai in gaje shi, amma boko ta ɗauke ni.

Na gama sakandare daidai shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa. A lokacin aiki ne ke neman mutum. Malaman makaranta sun sayi sababbin babura, rediyo ta shiga kowane zaure, gwamnati kuma tana neman samarin da za ta koya wa aikin asibiti ruwa a jallo. Haka na samu gurbi a asibitin koyarwa na jami'a, a sashen gwaje-gwaje. Baba ya bi gari yana shelar ɗansa ya tafi zama likita. Da na zo hutun farko na yi masa bayani cewa ni ba marasa lafiya nake dubawa ba, gilashi nake dubawa. Ya kalle ni daga sama har ƙasa ya ce, "Gilashi? To shi gilashin, mi ke damun shi?" Ya yi dariya har da tari. Ni ma na taya shi, amma a raina na ji haushi.

Ɗakin aikinmu yana can bayan asibitin, dogo ne mai tagogi da yawa, kullum yana warin sifirit. Madubin likita sababbi fil aka kawo mana daga waje, mu da kanmu muka fasa akwatunan. Abin da muke yi shi ne, a kawo mana kaki, ko ruwan da aka zuƙo daga ciki ko ƙirjin mara lafiya, ko abin da aka shafo daga bakin mahaifa. Sai mu shimfiɗa shi a kan ɗan gilashi mai tsawon yatsa, mu rina shi, mu sa a madubi. A nan ake ganin ƙwayoyin jikin mutum ɗaya bayan ɗaya, a gane masu lafiya, a gane waɗanda suka sauya kama suka zama sankara.

Malamarmu likita ce, 'yar Kudu, amma a Sabon Gari aka haife ta, don haka Hausa a bakinta kamar ta kowa, har ta fi ni iya cinikin kasuwa. Gajeriya ce, mai kaifin ido, ba ta da yawan magana a bakin aiki. Likita kawai muke ce mata. Ta yi karatu a waje ta dawo da wata dabara da ba a saba da ita ba a lokacin: maimakon a yanka ƙari a ga abin da ke ciki, sai ta soka masa siririyar allura ta zuƙo ɗan abin da bai kai ɗigon man gyaɗa ba, mu shimfiɗa a gilashi. Wata uku cur ta hana mu ganin komai sai ƙwayoyi masu lafiya, ta ce sai idonmu ya saba da su sannan zai tsaya da kansa in ya ga baƙo. Ƙa'idarta ita ce, ɗalibi ya fara dubawa, duk inda ya yi shakka ya ɗiga tawada a saman gilashin, ita kuma ta bi ɗigon ta yanke hukunci.

Ranar da aka fara ba ni gilashin mara lafiya, na ga wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule ko'ina, na ɗauka sankara ce. Na yi ta ɗiga tawada har gilashin ya koma kamar zabuwa. Likita ta leƙa sau ɗaya ta ɗago.

"Wa ya tace rinin yau?"

Na ce ni ne da aikin.

"Ka tace?"

Na ce ban tace ba.

Ta ce, "Barka, ka gano sankara a cikin gurɓin rininka. Matar nan lafiyarta lau."

'Yan ajinmu suka yi ta tsokanata da Mai Zabuwa har muka gama. Amma daga ranar ban sake zuba rini ban tace ba.

A shekarata ta biyu Likita ta lura cewa masu kumburin wuya da yawa daga yankinmu suke zuwa, kuma ba sa zuwa sai abu ya yi nisa. Ta ce tana so ta je can da kanta ta bincika, ta san waɗanne irin kumburi ne suka fi yawa, ta kuma gwada ko allurar za ta yi aiki a ƙauye inda babu lantarki. Aka nemi izinin hukuma da na hakimai, aka ba mu motar asibiti da direba. Ni ta zaɓa in raka ta, tunda ɗan ƙasa ne. Muka ɗauki kwalaben rini, akwatin gilasai, da wani tsohon madubi mai aiki da hasken rana. Bayan an gama girbi muka tashi, da niyyar mu yi Mabai a ƙasar Ƙanƙara, mu yi Faskari, mu ƙare a Sabuwa.

A Mabai ranar kasuwa muka kafa tebur a ƙarƙashin wata tsamiya kusa da ɗakin shan magani. Mai gari ya sa an yi shela, mutane suka taru, amma kowa ya tsaya nesa yana kallo. Har hantsi ya dubi ludayi babu wanda ya matso. Can sai ga wata Bamagujiya mai sayar da daddawa, ƙaƙƙarfa, da maƙoƙo kamar ƙaramin duma a wuyanta. Ta ajiye ƙwaryarta ta dubi Likita.

"Ke ce mai allura? In kin soka zai sace?"

Likita ta ce, "A'a, Inna, ba zai sace ba. Allurar za ta gaya mana abin da ke ciki ne kawai, mu san ko na magani ne, ko na aiki, ko wanda za a ƙyale."

Matar ta yi shewa ta ce, "Ashe 'yar gulma ce allurar! To ta shiga ta gano, ni ma shekara goma ina son in ji."

Ta zauna. Kafin ta gama gyara zane an gama. Ta shafa wurin, ta juya ta fuskanci taron ta ce cizon cinnaka ya fi wannan zafi, kuma duk namijin da ya tsaya yana rawar jiki ya zo ta ara masa zane. Nan take layi ya kafu. Nata ya zama maƙoƙo ne na yau da kullum, babu mugun abu. Da za ta tafi ta cusa wa Likita daddawa cikin jaka, motarmu ta yi ta ƙamshi har muka koma.

Daga nan muka yi Faskari, muka biya ta gida. Baba ya karɓe mu da kyau, ya sa aka yanka zakara, amma na ga ba ya sakin jiki. Labari ya riga mu isa cewa na zo da wata mace mai huda kumburi ba jini ba mugunya. Wani abu kuma ya ba ni mamaki. Baba mutumin hula ne, rawani sai da salla, amma ranar na tarar da shi da rawani, ya ja shi har ya rufe kunnuwa da haɓa. Na ɗauka don baƙuwa ya yi.

Washegari muna cikin aiki a ɗakin shan magani na Faskari sai ga shi a kan kekensa, da zabira a rataye. Ya shimfiɗa buzu a gefe ya zauna, idonsa a kan hannun Likita. Da ta ga haka sai ta wanke hannu ta je ta durƙusa ta gaishe shi.

Ta ce, "Baba Sarkin Aska, ka riga ni fara wannan aiki da shekaru. Ka zo ka taɓa mini mutanen nan, ka faɗi abin da hannunka ya ji, sannan mu ga abin da allura za ta ce."

Ya yi kamar ba zai tashi ba, amma na san shi, ba ya iya ƙin irin wannan gayya. Mutum na farko yana da ƙululu a ƙeya. Baba ya latsa, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ce, "Wanga kitse ne." Na biyu mace ce mai kumburi a wuya, ya ce ruwa ne a ciki. Da Likita ta soka sai ga ruwa ya cika sirinji, kumburin ya lafa a gaban kowa. Na uku wani dattijo ne mai ƙari a gefen wuya. Baba ya daɗe yana taɓawa, sannan ya janye hannu ya yi ƙasa da murya. "Wanga mai saiwa ne. Ya kama nama, ba ya motsi. Irin shi ba ni sa mashi aska."

Na rina gilasan uku, muka duba. Duk yadda ya faɗa haka suke. Likita ta gaya masa a gaban mutane, ta ce da ɗalibanta na likita suna da yatsu irin nasa da ta huta. Baba ya gyara zama, fuska ta saki.

"To, ɗiyata, nuna mani abin da kuke leƙe."

Na juya madubin ya kamo rana, na nuna masa inda zai sa ido. Ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ya ce shi duhu kawai yake gani, boko ƙarya ce. Da muka gyara masa sai ya ƙura ido. Can ya ce, "La ilaha illallahu. Kamar an shanya wake bisa tabarma. Duk wanga a jikin mutum guda?" Likita ta nuna masa masu lafiya, sannan ta sa masa gilashin dattijon nan, ta ce ya lura da yadda kawunansu suka yi manya, suka yi baƙi, kowace da girmanta, babu mai kama da 'yar'uwarta. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago bai yi raha ba. Ya koma kan buzunsa ya zauna har la'asar.

Bayan mun sallami mutane muna haɗa kaya, sai ya shigo ɗakin ya ce wa direba ya ba mu wuri. Ya tura ƙofa, ya zauna a kan benci, ya fara warware rawaninsa. A ƙarƙashin kunnensa na hagu akwai ƙari kamar ƙwan zabuwa.

Na ce, "Baba! Tun yaushe?"

"Damina uku ke nan. Da yana kamar gujiya, gemu na rufe shi. Bana ya fi ƙarfin gemu." Ya dubi Likita. "Na taɓa na mutane dubu, na hwaɗi masu gaskiya. Nawa kuwa kullum na taɓa sai hannuna ya ƙi gaya mani komi."

Likita ta taɓa a hankali. Ta ce ya ɗaga gira, ya rufe ido, ya yi murmushi, duk ya yi. Ta goge wurin da sifirit ta soka allura, Baba ko gezau. Ta miƙo mini in shimfiɗa. Na yi wannan aiki sau ɗaruruwa, amma ranar sai gilashin farko ya suɓuce mini ya fashe a ƙasa. Likita ta miƙo mini wani. Na shimfiɗa, na busar, na rina, ina ta addu'a a zuci.

Ranar ta karya ƙa'idarta, ita ta fara dubawa. Ta matsa da madubin bakin taga don rana ta yi sanyi, ta duƙa a kai. Ni da Baba muna kallon ƙeyarta. Ban san minti nawa ta yi ba, a wurina dai kamar wuni. Sannan ta tashi ta ce, "Zauna ka duba. Ka faɗi abin da ka gani da ƙarfi, da Hausa, Baba ya ji."

Na sa ido. Da farko ban ga komai ba sai launi, don idona ya kawo ruwa. Na goge na sake. Na ce ina ganin ƙwayoyi a dunƙule, ƙanana, duk girmansu ɗaya, kamar 'ya'yan uwa ɗaya. Na ce suna kwance cikin wani abu ja-ja mai zare-zare, kamar audugar da aka rina. Na bi gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, na dawo, ina neman manyan baƙaƙen kawunan nan. Na ce ban ga ko ɗaya ba.

"To mene ne?" in ji Likita.

Na ce, "Ƙari ne na wurin da ke yin yawu. Ba sankara ba ne."

Ta ce, "Haka ni ma na gani." Ta juya wurin Baba ta yi masa bayani cewa in mun koma za ta sake rina wani gilashin da wani irin rini don ta tabbatar, kuma dole a cire shi, don ba zai daina girma ba, in an bar shi shekaru yana iya rikiɗa. Ta ce amma ba aikin aska ba ne, saboda jijiyar da ke motsa fuska ta nan ta bi, in aka yanke ta baki zai karkace.

Baba ya sauke wani dogon numfashi, ya yi hamdala sau uku. Sannan ya ce, "Na san jijiyar nan. Ke kina tsammanin don mi ban tsaga shi da kaina ba?" Muka fashe da dariya mu uku, har direba ya leƙo ya ga ko lafiya.

Da za mu tafi Sabuwa sai ga Baba da zabirarsa da ƙullin kaya, da hula a kai, ƙarin a fili. Ya shige gaban mota, ya bar ni a baya da kwalabe. A Sabuwa ba mu jira kowa ba. Ya je ya sami wanzaman garin, ya nuna musu wuyansa, ya ba su labari, kafin azahar kowane ya zo da mutanensa. Shi ke tsara layi, shi ke fara taɓawa, in wani ya ji tsoro ya ce masa, "Ni Sarkin Aska an soka mani, kai wane ne?" Yawancin abin da muka samu maƙoƙo ne da kaluluwar tarin fuka, wadda ke jin magani. Akwai 'yan kaɗan da Likita ta ce lallai su biyo mu asibiti. Dattijon nan na Faskari yana cikinsu, ya kuma zo, amma nasa ya riga ya yi nisa, bai ga damina ba. Baba ya je gaisuwa, ya dawo yana cewa da wanzamin da ya fara ganinsa ya san inda zai tura shi da wuri, da wataƙila an yi wani abu.

Sati biyu bayan mun koma asibiti daga wannan tafiya aka kwantar da Baba. Gwaji na biyu ya tabbatar da na farko. Ranar aiki da safe ma'aikacin jinya ya zo da reza zai aske masa gefen kai da gemu. Baba ya karɓi rezar ya jujjuya ta, ya mayar masa, ya ce wannan ko akuya ba zai aske da ita ba. Ya ciro askarsa ya wasa, ya sa na riƙe masa madubin fuska, ya aske wurin da kansa tas. Likitan fiɗa da ya zo ya gani ya ce bai taɓa samun wuri mai tsafta haka ba.

Aikin ya yi kyau. Da ya farfaɗo, abin da ya fara nema shi ne madubin fuska. Ya ɗaga gira, ya kumbura kumatu, ya yaƙe haƙora, ya gwada fito. Da ya ga komai na motsi sai ya ce in gaya wa likitan fiɗa ya iya, sai dai ɗinkinsa ya ɗan yi faɗi. Na ƙi fassara wannan. Kafin a sallame shi ya aske kan duk mazan da ke ɗakin kyauta, har da masu gadi biyu da wani ɗalibin likita da ya zo duba shi.

An kai abin da aka cire ɗakinmu, aka yanka aka duba, ya dace da abin da allura ta faɗa. Likita ta nemi izinin Baba ta ajiye gilashinsa cikin akwatin koyarwa, ya ce ta ajiye, amma a riƙa faɗa wa ɗalibai na Sarkin Aska ne. Ta kuma roƙe shi ya zo aji. Ya sa babbar riga ya tsaya gaban ɗaliban likita, ina gefe ina mayar da maganarsa Turanci ga waɗanda ba sa jin Hausa. Ya nuna musu yadda ake kama ƙari da yatsu uku, yadda ake gane mai gudu ƙarƙashin fata da wanda ya kafe, ya ce kada su taɓa mutum da hannu mai sanyi, kuma su riƙa kallon fuskarsa suna taɓawa. Awa ɗaya aka ba shi, ya ci biyu, babu wanda ya fita.

Na ci jarrabawata a ƙarshen shekarar, aka ɗauke ni aiki a sashen. Likita ta rubuta sakamakon bincikenmu, ta sa godiya ga wanzaman Faskari da Sabuwa a ƙarshe. Baba kuwa ya koma gida ya ci gaba da sana'arsa, sai dai daga lokacin duk kumburin da hannunsa bai yarda da shi ba, sai ya sa mutum a mota ya turo mana. Kowane yana zuwa da 'yar takarda da ajami, a naɗe kamar laya. Ma'aikatan ƙofa ba sa iya karantawa, sai a aiko a kira ni daga kan madubi. Har yanzu ina da guda a cikin wani tsohon littafina, tawadar ta koɗe amma tana karantuwa. Bayan sallama ya rubuta wa Likita: "Ga wannan, maƙwabcina ne. Na taɓa, yana motsi amma yana da tauri. Ki soka. Matsoraci ne, a ba shi abinci tukuna. A gaya wa ɗana gero ya yi kyau bana, ya zo ya ɗauki nashi."